Sirrin Tsiron da ke Jure wa Fari

Duk wanda ya tashi a karkara ya san zullumin da kan biyo bayan ruwan shuka. Manomi ya zuba irinsa a watan Yuni, gero ya tsiro kore shar, sai ruwa ya ɗauke har mako biyu ko uku. Wata gonar ta ƙone a sake shuka, wata kuwa ta jure har ruwa ya dawo. Shin mene ne sirrin wadda ta jure?

Masana kimiyyar tsirrai sun gano cewa a jikin tsiro akwai waɗansu sinadarai 'yan aike, masu kai saƙo tsakanin saiwa da ganye. Jagoransu a lokacin fari shi ne wanda ake kira ABA, wanda aka fara tace shi daga 'ya'yan auduga a Amurka a shekarar 1963. A jikin ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ta nan ne fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo yake ficewa. Da zarar ƙasa ta soma bushewa, sai ABA ya yawaita, ya sa ƙofofin su rufe. Haka nan yakan dakatar da girman kara da ganye, amma ya bar saiwa ta ci gaba da nutsawa neman laima. Dama Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Ta waɗannan ƙofofi ne tsiro ke shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita, don haka idan rufewar ta daɗe, wanda ya tsira daga ƙishirwa sai yunwa ta kama shi. Samar da iri mai jure wa irin wannan hali yana cikin aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri.

Abin da ke damuna shi ne, wannan ilimi yana kulle cikin Ingilishi. Manomin da ya san cewa tsayawar girman tsiro ba lalle mutuwa ba ce, ba zai yi gaggawar tone gonarsa ba, ba kuma zai zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa ya ƙone shukarsa ba. Harshen da ya bambance gero da maiwa, ya raɗa wa shukar da ake yi kafin saukar ruwa suna binne, ba zai kasa sama wa ABA suna ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa da tsangayoyin aikin gona na jami'o'inmu su zauna tare su ƙirƙiro kalmomin, malaman gona da gidajen rediyo su kai su ƙauye.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.