Fim Ɗin Hausa da Tarihin Katagum da Ke Jiran Kyamara

Mutanen Azare, Chinade, Madara, Gadau, Shira da Gamawa, da duk inda muryarmu ta kai a ƙasar Katagum, muna yi muku fatan alheri. Shirinmu na musamman na yau a kan harkar fim ne: 'yan wasanta, daraktocinta, da yadda halinta ke sauyawa. Za mu fara daga gida, mu leƙa ƙasar Poland a gabashin Turai, sannan mu dawo.

Ranar 1 ga Janairun 2007, ana tsakiyar bukukuwan babbar salla, labari ya bazu cewa Allah ya yi wa Ahmad S. Nuhu rasuwa a hatsarin mota a nan yankin Azare, yana kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Matashi ne da tauraronsa ke tsakiyar haskawa, kuma 'yan mata da samari da yawa sun yi kukan rashinsa kamar ɗan gidansu. Allah ya jiƙansa da rahama. Na tuno da shi ne domin rasuwarsa ta zo a kan gaɓa. Shekarar da ya bar duniya ita ce shekarar da masana'antar fim ta Hausa ta shiga tsanani irin wanda ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta fito daga cikinsa da kamanninta na da ba.

Amma bari mu koma baya tukuna. Kafin kaset, akwai fim ɗin majigi. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim. Labari ne na bauta, na uwar da ta bi sawun ɗanta har ta ƙetara hamada. A 1991 kuma Sadiƙ Ɓalewa, ɗan shi marigayin, ya fitar da Ƙasarmu Ce. To kun ga jihar Bauchi tana da hannu a tushen abin. A talabijin kuwa akwai su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama, waɗanda suka nuna cewa Bahaushe zai zauna ya kalli kansa, ya yi dariya, ya kuma ɗauki darasi.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma daga nan aka saba ƙirga haihuwar masana'antar da muke kira Kannywood. Babu gwamnatin da ta ba su sisi. Babu makarantar da ta koya musu. 'Yan wasan daɓe ne da marubutan littattafan soyayya suka haɗa kuɗin aljihunsu, suka yi hayar kyamara. Wannan abin alfahari ne, kuma duk wanda zai soki 'yan fim ya fara ba su wannan haƙƙin.

Sai Sangaya ya zo a 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad. Waƙoƙinsa suka game gari, tun daga gidan biki har tashar mota. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai suka ga inda riba take, furodusoshi suka bi. Daga nan kusan kowane fim sai da rawa da waƙa, saurayi da budurwa cikin lambu, ana canza kaya ana zagaya bishiya irin ta finafinan Indiya da iyayenmu suka taso da su a gidajen siliman. Mutane sun so abin, ba a musu. A gefe guda kuma marigayi Rabilu Musa Ibro yana ta nasa barkwancin na talakan ƙauye da ya shigo birni. Wanda ya girma a Azare a wancan lokaci ya san layin da ake yi a shagon hayar kaset ranar da sabon fim ya iso daga Kano.

Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Bayan wani abin kunya da ya tayar da ƙura a 2007, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, aka dakatar da aikin fim na wani lokaci, aka kuma shiga kame. Adam A. Zango ya yi zaman gidan yari, haka ma Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Da yawa suka tattara suka koma Kaduna da Jos. Da wannan guguwa ta lafa, sai wata ta taso wadda ba ta da ofis balle shugaba: satar fasaha. Faifai ya mutu, masu tura fim a waya suka gaje kasuwar, mai jari ya rasa inda zai mayar da kuɗinsa.

Abin da ya ceci masana'antar shi ne fim mai dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Aminu Saira ya kawo Labarina, Lawan Ahmad ya ɗora Izzar So a YouTube. Rawa ta ragu, magana ta ƙaru, marubuci ya fara samun daraja. Yau matar aure a Azare tana kallon sabon zango a wayarta a daren da ya fita, daidai lokacin da 'yar'uwarta ke kallonsa a Jidda.

To, masu sauraro, ku riƙe wannan tarihin, mu tafi Poland.

Ƙasa ce da yaƙin duniya na biyu ya yi wa kaca-kaca. Jamus ta mamaye ta daga yamma a 1939, Tarayyar Sobiyet ta shigo daga gabas. Miliyoyin mutanenta suka hallaka, babban birninta Warsaw ya zama kufai. Duk da haka, shekara uku kacal da gama yaƙin, a 1948, suka buɗe makarantar koyon fim a birnin Lodz. Daga wannan makaranta ne Andrzej Wajda ya fito, da Krzysztof Kieslowski, da wasu da dama da duniya ta san sunansu.

Wajda bai kauce wa ciwon ƙasarsa ba. Fim ɗinsa Kanal na 1957 ya bi mayaƙan da suka yi wa Jamus tawaye a Warsaw a 1944, waɗanda suka ƙare suna laluben hanya cikin magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin birni. Babu nasara a ƙarshensa, babu kirari. A 1958 ya yi wani mai suna Toka da Lu'ulu'u, labarin wani matashin mayaƙi da aka umarta ya kashe wani jami'in kwaminis a ranar da yaƙi ya ƙare, ranar da shi kansa ya fara sha'awar rayuwa. Wanda ya hau wannan matsayi shi ne Zbigniew Cybulski, saurayi mai baƙin tabarau, wanda matasan Poland suka mayar madubinsu. Shi ma tafiya ce ta yi ajalinsa: a Janairun 1967 ya zame yana ƙoƙarin kama jirgin ƙasa da ya riga ya tashi a tashar Wroclaw, yana da shekara 39. Wajda bai tsaya ga ta'aziyya ba. Ya shirya fim sukutum a kan 'yan fim da ke neman abokin aikinsu da bai zo wurin ɗauka ba, domin a ga irin giɓin da mutum guda ke bari.

Su ma suna da masu almakashin tace fim, kuma nasu sun fi namu tsanani, domin gwamnatin kwaminis ce mai kyamarar, ita ce mai kuɗin, ita ce mai siliman. Labarin fim ɗin Wajda mai suna Mutumin Marmara ya kwana sama da shekara goma a aljihun tebur kafin a yarda a ɗauke shi. Da ya fita a 1977, mutane suka yi dafifi. Krystyna Janda ta fito a matsayin ɗaliba mai binciken wani magini da gwamnati ta ɗaukaka a matsayin gwarzon ma'aikata, sannan ta yar da shi da ya fara faɗin gaskiya. A 1981 Wajda ya biyo da Mutumin Ƙarfe, a kan yajin aikin masu ƙera jiragen ruwa na Gdansk, har jagoran ma'aikatan Lech Walesa ya fito a ciki da kansa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a shekarar, kuma a watan Disamba sojoji suka kafa dokar ta-ɓaci.

Fim ɗin Wajda da ya fi taɓa ni shi ne Katyn. A 1940 jami'an tsaron Sobiyet suka harbe fursunoni 'yan Poland kimanin dubu 22, akasarinsu hafsoshin soja da 'yan sanda da masu ilimi. Mahaifin Wajda yana cikinsu. Shekara kusan hamsin ana tilasta wa 'yan ƙasar su ce Jamus ce ta yi kisan. Sai a 2007, yana da shekara 81, Wajda ya sami damar yin fim ɗin, kuma ya gina shi a kan matan da suka zauna jiran mazajen da ba za su dawo ba, kamar yadda mahaifiyarsa ta jira.

Kieslowski kuwa ya ɗauki wata hanya da nake ganin za ta yi wa mai kallo na Hausa daɗin fahimta. A ƙarshen shekarun 1980 ya yi wa talabijin finafinai goma, kowanne kimanin awa guda, kowanne a kan ɗaya daga dokoki goma da aka saukar wa Annabi Musa, alaihis salam. Duk a unguwa guda ta gidajen bene a Warsaw. Babu mai wa'azi a ciki. Maƙwabta ne kawai, kowa da jarrabawarsa, mai kallo ne zai yanke hukunci a zuciyarsa. Masu cewa fim ɗin faɗakarwa dole sai an ajiye malami a ƙarshe ya karanto darasi, su nemi wannan aikin su gani.

Da kwaminisanci ya faɗi a 1989, kuɗin gwamnati ya janye, finafinan Amurka suka cika silimansu, aka koma finafinan 'yan daba da na barkwanci. Sun ɗanɗana abin da muka ɗanɗana. Maganin da suka samo a 2005 shi ne wata cibiya ta ƙasa, wadda doka ta ce gidajen talabijin da na siliman da masu rarraba fim su riƙa zuba mata kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na kuɗin shigarsu, ita kuma ta tallafa wa sababbin ayyuka. Shekara goma bayan haka, a 2015, fim ɗin Ida na Pawel Pawlikowski ya ci kyautar Oscar.

Mu dawo gida. Idan aka jera tarihin biyu, abin da na gani shi ne duk lokacin da fim ɗin Poland ya sauya hali, wani abu ne ya faru da ƙasar, daraktoci suka juya suka dube shi. Namu kuwa yawanci kasuwa ce ke juya shi, daga kaset zuwa faifai zuwa waya. Ban ɗora wa 'yan fim laifin wannan ba. Wanda ya ci bashi ya yi fim dole ya yi wanda zai sayu. A 2016 an so gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, surutu ya yi yawa aka fasa, kuma har yau ina ganin an yi asara, domin mai son a gyara tarbiyyar fim shi ya fi kowa buƙatar makarantar da za a koyar da shi. Akwai alamun haske: a Janairun 2024 an naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, kuma a shekarar ce aka zaɓi Mai Martaba, fim ɗin sarauta da aka ɗauka a Daura, ya wakilci Najeriya a gasar Oscar.

Sai dai labaran da suka fi nauyi suna nan ba a taɓa su ba, kuma wasunsu a ƙofar gidanmu suke. Ga Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu na Barno, ya kafa Katagum. Ga watan Janairun 1824, lokacin da Baturen nan Clapperton ya iso Katagum da ayari daga Kukawa, sarki ya karɓe shi a birni mai ganuwa, abokin tafiyarsa Dakta Oudney kuma ya cika a Murmur aka binne shi a ƙasarmu. Yaya talakan Katagum ya ga waɗannan baƙi? Me fadawa suka ce bayan sun juya baya? Ga shekarun Sarkin Haɗeja Buhari, lokacin da ya bijire wa Sakkwato yaƙi ya ci garuruwan wannan yanki, 'yan'uwa masu tuta iri ɗaya suna fuskantar juna. Ga ƙaurar fada daga Katagum zuwa Azare a farkon mulkin Turawa: wa ya tafi, wa ya ƙi tashi, me tsofaffi suka ji ranar da aka ɗaure kaya?

Irin waɗannan labarai suna da ƙaya, na sani. Akwai zuriyar kowane ɓangare a raye, kuma mai ɗaukar su sai ya nemi izinin fada, ya zauna da masana, ya yi adalci. Amma kayan aikin suna kusa. Dawaki da kayan hawa suna nan, duk wanda ya ga hawan salla a Azare ya shaida. Duwatsun Shira suna nan. Ɗaliban tarihi da na Hausa suna Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da jami'ar da ke Gadau, kuma a unguwanni akwai dattawan da suka ji waɗannan labarai daga bakin kakanninsu. Wayar da ake kallon Labarina da ita tana iya naɗar muryarsu tun yau, kafin a kai ga maganar kyamara da jari.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.