Saniya mai tagwaye ko saniya mai riƙon ɗa?

Duk wanda ya yi kiwon jar akuyar Sakkwato, wadda a tsallaken iyaka ake kira akuyar Maraɗi, ya saba da tagwaye. Shi ya sa wasu masu kiwo a Sabon Birni da Isa ke tambaya ko za a iya samun haka a shanu, tunda satar dabbobi ta rage garke kuma kowa na son ya mayar da abin da ya rasa.

Ana iyawa, amma da wuya. Saniya ɗa ɗaya take haifa bayan wata tara da 'yan kwanaki, tagwaye kuwa sai jefi-jefi, musamman a irin namu masu tozo, Bokolo da Rahaji da Azawak. A Amurka, wata cibiyar binciken dabbobi da ke Nebraska ta fara zaɓen shanu masu tagwaye a 1981, kuma sai da aka kwashe kusan shekara ashirin kafin wajen rabin haihuwar garken ta zama tagwaye. Can ma, da likitoci da wadatar abinci, sun sha fama da naƙuda mai wuya, maƙalewar mabiyiya da mutuwar 'yan maruƙa.

Akwai kuma asarar da ba a gani sai daga baya. In tagwayen mace da namiji ne, jininsu na gauraya tun a ciki, kuma kusan tara cikin goma na irin waɗannan mata juya suke zama. Ka yi shekara huɗu kana ciyar da karsana, ba ciki ba nono.

A ƙasar da bazara ke ramar da shanu har a ƙirga haƙarƙarinsu, harawa kuma ta yi tsada, abin nema shi ne uwa ta gari. Tana haihuwa za ka gane ta: ta lashe ɗan tas, ta tsaya cik har ya miƙe ya kama nono, ya sha dakashi cikin awa shida na farko, domin a nan kariyarsa daga cuta take. Kare ya matso, ta sunkuyar da ƙaho. Duba hantsarta ma. Kan nono mai kauri da yawa jariri ba ya iya kamawa. Shanunmu ba sa sakin nono sosai sai ɗan na kusa, don haka in maraƙi ya mutu, ƙwaryar mai tatsa ma ta tafi. Mai tatsar kuma a ja mata kunne ta riƙa bar masa rabonsa.

Sai tazarar haihuwa. Wadda ke haihuwa duk shekara ko shekara da rabi ta fi mai tagwaye sau ɗaya ta yi shekara uku tana hutu.

Wurin zaɓen bijimi ake yawan sakaci, a bi girman tozo da kyan launi, alhali rabin jinin duk 'yan maruƙan garke nasa ne. Kafin ka biya kuɗi, tambayi labarin uwarsa: haihuwa nawa ta yi, nawa suka rayu?