Ko Kun Sani?

A ƙwallon Amurka, mai rungumar ƙwallo kan kutsa cikin ƙarti da gudu yana shan karo ba kaɗan ba, kuma sau da yawa jikinsa kan gaji kafin ya cika shekara 30. Duk da haka, idan kwantiraginsa ya ƙare, dokar gasar NFL ta ba kulob damar riƙe shi na ƙarin shekara ɗaya. A 2018 wani mai rungumar ƙwallo, Le'Veon Bell, ya ƙi dala miliyan 14.5 da Pittsburgh Steelers ta ba shi a wannan tsari, ya yi zamansa a gida kaka guda cur. Abin takaici, kuɗin irin wannan kwantiragi ga masu rungumar ƙwallo ya sauka daga miliyan 12.1 a 2017 zuwa kusan 10.1 a 2023, alhali kuɗin da gasar ke samu ƙaruwa yake yi.