Takalmin Doki a Yola da Jimeta: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Da zarar Sallah ta ƙarato aka fara fito da sirdi da jalala ana kakkaɓewa, sai gardamar nan ta taso tsakanin masu dawaki a Yola da Jimeta: a buga wa doki takalmin ƙarfe, ko a bar shi da kofaton da Allah Ya yi masa? Wasu na cewa takalmi zalunci ne kuma kwaikwayon Turawa. Wasu na cewa duk mai hawa doki a kan kwalta ba takalmi bai san darajar dabbarsa ba. Kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya, ya kuma cakuɗa ta da ƙarya, kuma dokin da ke ɗaure a turke shi ke biyan kuɗin kuskuren.

Abu guda ne ke warware yawancin maganar. Ɓawon kofato yana tsirowa daga sama, wajen da gashi ya ƙare, yana gangarowa da kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma yana ɗaukar wata 9 zuwa 12 kafin sabo ya maye gurbin tsoho gaba ɗaya. A lokaci guda ƙasa tana cinye shi daga ƙasa. Idan cin ya fi tsirowa sauri, doki zai fara jin zafin taku, nan ne takalmi ke da amfani. Idan tsirowa ta fi ci, abin da ake bukata shi ne yanka da gogewa. Da wannan ma'auni za mu auna maganganun da ke yawo.

“Kakanninmu ba su buga wa doki takalmi ba, don haka ba ya bukata.” Rabin farko gaskiya ne.

Mayaƙan dokin da suka kafa daular Fombina, har Modibbo Adama ya zauna a Yola a 1841, galibinsu a kan dawakin da ba su da takalmi suka yi yaƙe-yaƙensu, kamar yadda aka saba a Kano da Katsina da Borno. Ba mu kaɗai ba ne. Wani Bagirke mai suna Zenofon, wanda ya yi rubutu a kan hawan doki kimanin shekara 2,400 da suka wuce, bai san takalmin ƙusa ba. Shawararsa ita ce a shimfiɗa duwatsu inda doki ke tsayawa domin kofatonsa ya yi ƙwari. Takalmin da ake bugawa da ƙusa bai yaɗu a Turai ba sai wajen ƙarni na 9 zuwa na 10.

Sai dai a tuna irin ƙasar da waɗancan dawakai suka taka: rairayin bakin Binuwai, turɓaya, da laka. Kuma suna tafiya kullum, kofato yana cinyewa daidai da tsirowarsa. Dokin yau yakan yi mako a turke bai fita ba, ranar da ya fita kuma kwalta ce daga Jimeta har ƙofar fadar Lamiɗo, ga siminti, ga tsakuwa, ga fasassun kwalabe a gefen titi. Aikin kakanni hujja ce cewa dokin ƙasar nan yana iya rayuwa ba takalmi. Bai zama hujja ga kowane doki a kan kowace hanya ba.

“Ƙusar takalmi tana yi wa doki zafi.” Ƙarya ne idan gwani ya buga, gaskiya ne idan ɗan koyo ya buga.

Ɓawon kofato kamar farcen mutum yake: wajen da ya fito babu jini, babu jijiya. Ɗaga ƙafar doki ka kankare tafin, za ka ga wani siririn farin layi ya zagaye shi, tsakanin ɓawo da tafi. A kan wannan layin gwani ke ɗora bakin ƙusa. Ƙusar doki kuwa daban take da ta kafinta: bakinta a goce yake ta gefe ɗaya, domin tana shiga ta karkata waje, ta ɓullo a jikin ɓawon. Sai ya karya tsinin, ya lanƙwasa abin da ya rage, ya goge. Ƙusa 6 zuwa 8 ke shiga kowane takalmi, dokin yana tsaye yana kaɗa jela bai ji komai ba.

Amma tazarar da ke tsakanin wurin da ba ya ciwo da nama mai rai 'yan milimita ce. Ƙusar da ta kauce ciki tana jawo ɗingishi nan take ko bayan kwana biyu, ta tara mugunya a cikin kofato, ta kuma buɗe ƙofa ga cutar sarƙewar haƙora, wadda doki ke cikin dabbobin da ta fi kashewa. Saboda girman wannan haɗari ne Ingila ta yi doka a 1975 da ta hana kowa buga wa doki takalmi sai mai rajista. Kasancewar mutum maƙeri mai iya ƙera fartanya da likkafa bai sa ya iya wannan aiki ba.

“Dokin da ba shi da takalmi ba ya iya gasa.” Ƙarya ne.

A wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, ƙasar Suwidin ce ta ci zinare a gasar tsallaken shinge ta ƙungiya, kuma biyu daga cikin dawakinta, All In da King Edward, ba takalmi suka yi tsallen. Fili mai laushi ne, an gyara shi, ga kuma masu duba kofato kullum. A wajenmu ma, dokin Arewa da ya tashi a ƙasar nan yakan yi sukuwa a filin ƙasa lafiya lau da kofatonsa. Dawakin folo da ake shigowa da su daga Ajantina kuwa yawanci da takalmi suka saba, kuma wasan yana bukatar tsayawa da juyawa cikin gudu, don haka ake barinsu da shi. Kuskure shi ne mai doki ya ga haka a filin folo, ya ɗauka takalmi alamar tsada ce, ya je ya buga wa dokin da ba ya fita sai kilisa ranar Juma'a.

“Takalmi yana hana santsi a kwalta.” Ƙarya ce mai haɗari.

Ƙarfen da ya goge ya yi sumul ya fi kofato zamewa a kan kwalta da siminti. A ƙasashen da dawaki ke aiki a titi, ana dasa wa takalmin ƙananan ƙusoshi masu tauri ko a yi amfani da na roba saboda wannan dalili. Kofato ba takalmi ya fi kama kwalta, sai dai kwalta tana cinye shi da sauri. Ƙarfe kuma yana ƙara ƙarfin bugun da ke hawa zuwa gaɓoɓi a duk taku. Samarin da ke sakar wa doki linzami a titunan Jimeta ranar hawan angwanci su sani cewa sukuwa a kan kwalta ganganci ce, da takalmi ko babu. A cikin cunkoson hawan Sallah kuma, harbin doki mai takalmi a ƙafar baya ya fi karya ƙashin mutum ko na wani dokin.

“Takalmi yana lalata kofato.” Akwai gaskiya a nan.

Kofato yana ɗan buɗewa ta dunduniya idan doki ya taka, ya koma idan ya ɗaga, kuma tsokar nan mai siffar bakin mashi da ke tsakiyar tafi tana taɓa ƙasa tana rage bugu. Takalmi yana rage wannan motsi. Amma ɓarnar da aka fi gani daga sakaci take zuwa. Kofato ba ya daina tsirowa don an buga masa ƙarfe, kuma yanzu ƙasa ba ta cinsa. Dole a cire takalmin duk bayan kimanin mako 6, a yanke, a mayar. Wanda aka buga da ƙaramar Sallah aka bari har babbar Sallah ya wuce wata biyu: gaban kofaton ya yi tsawo, dunduniya ta kwanta, ƙarfen ya matsa ciki yana danna tafi, jijiyoyin bayan ƙafa suna shan wahala. Wanda ba shi da halin maimaita aikin a kan lokaci, gara ma kada ya fara.

“Dokin da ba takalmi ba ruwansa da gyaran kofato.” Ƙarya ne, kuma ita ce ta fi yi wa dawakinmu illa.

Dokin turke ba ya tafiyar da za ta goge masa kofato. Yana bukatar yanka duk mako 4 zuwa 8. Idan aka bar shi, da rani, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, kofaton ya bushe ya yi tsawo ya tsattsage. Da damina kuma, musamman a unguwannin da ruwan Binuwai ke shiga kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, tsayuwa cikin laka da fitsari da kashi tana ruɓar da tsokar tsakiya. Sa tsinke a cikin ramukan da ke gefenta: idan baƙin abu mai ɗoyi ya fito, ruɓa ta fara. Maganin farko shi ne share turke, zuba busasshen rairayi, da ƙwaƙule kofato kullum. Baƙin man mota da wasu ke shafawa don kofato ya yi ƙwari ƙyalli kawai yake ba shi, ba ya gyara komai. Haka nan zancen cewa farin kofato ya fi baƙi rauni: launi ba ya nuna ƙarfi, tsagewa ce kawai ta fi fitowa fili a kan fari.

“Dokina yana ɗingishi bayan Sallah don ban buga masa takalmi ba.” Wataƙila, amma a duba komin abinci tukuna.

Gab da Sallah ana ɗura wa doki gero da dawa da dusa don ya yi ƙiba ya cika ido a gaban Lamiɗo Muhammadu Barkindo da jama'a. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana iya jawo kumburin naman da ke haɗa kofato da ƙashi. Alamominsa a fili suke: kofatan gaba sun yi zafi, jijiyar da ke bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi, dokin ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, ba ya son motsi. Buga ƙusa a wannan hali ƙarin azaba ne. A janye hatsi, a bar shi da ciyawa, a tsayar da shi a rairayi mai laushi, a sanyaya ƙafafun da ruwan ƙanƙara, a kira likitan dabbobi a ranar.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne wannan. Mafi yawan dawakin Yola da Jimeta, na kilisa da hawan Sallah da na biki, ba sa bukatar takalmi. Yanka a kan lokaci da busasshen turke suke bukata. Takalmi na dokin da aikinsa ke cinye kofato fiye da tsirowarsa ne, ko mai siririn tafi da ke tsoron tsakuwa, ko wanda likita ya ce a buga masa don gyaran wata lalura, kuma sau da yawa ƙafafun gaba kaɗai sun isa, tun da su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Wanda zai cire wa dokinsa takalmin da ya daɗe da shi, ya ba shi makonni a ƙasa mai laushi kafin ya hau titi. Maigida kuma kada ya bar wa yaron doki komai. Ya sunkuya da kansa ya ɗaga ƙafafun nan huɗu ya duba, ya lissafa makonnin da suka wuce tun yankan ƙarshe, sannan ya yanke shawara.