Shekara huɗu a takarda, shida a zahiri: Yadda siyasa da kuɗin mai ke yanke ranar kammala karatu

 

A yawancin gidajenmu, idan ɗalibi ya daɗe bai kammala karatu ba, ko ya ajiye shi a tsakiyar hanya, himmarsa ake fara tuhuma. A ce ya yi wasa, ko kansa ba ya ja. Wani lokaci haka ɗin ne. Sai dai tarihin ilimi a Najeriya cikin shekara hamsin da suka shuɗe yana nuna cewa akwai hannaye biyu da suka fi na ɗalibi ƙarfi wajen yanke ranar da zai karɓi takardar shaidarsa: shawarar masu mulki, da kuɗin da man fetur ke zubawa a baitulmali.

Mu fara da shekarun yalwa. Bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnatin soja ta samu kuɗin da ba ta taɓa gani ba. A 1975 aka kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. A Satumbar 1976 kuma Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Yaran da suka fito sun zarce lissafin gwamnati nesa ba kusa ba, har aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa, ana karatu a ƙarƙashin bishiya. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatan Arewa na yau 'ya'yan talakawa ne da wannan guguwa ta kwaso daga ƙauyuka.

Ba a je ko'ina ba aljihu ya fara yin sanyi. A 1978 ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin ɗaliban jami'a na yini ya haifar da zanga-zangar da aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, jihohi suka kasa biyan malaman firamare, wasu suka dawo da kuɗin makaranta. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Darajar naira ta karye, littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje da ake sayowa daga waje suka gagara, albashin malamin jami'a ya daina kai shi ƙarshen wata. Ƙwararru da dama suka tafi Ingila da Amurka da Saudiyya. A wannan yanayi ne yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya zama ruwan dare. Ba kullum ya tashi a banza ba: yarjejeniyar 1992 ce ta haifar da harajin ilimi a kan ribar kamfanoni a 1993, wanda ya zama asusun TETFund da yake gina yawancin azuzuwan manyan makarantu a yau.

Amma ɗalibi ne ke biyan kuɗin wannan takaddama da shekarun rayuwarsa. Saboda saɓani a kan yarjejeniyar 2009 da wasu batutuwa, an rufe jami'o'in gwamnati fiye da wata biyar a 2013, wata tara a 2020 a daidai lokacin annobar korona, sannan wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wanda ya shiga jami'a a 2019 ya yi asarar wata goma sha bakwai ba tare da ya faɗi jarrabawa ko ɗaya ba. Ga shi kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, kuma ma'aikatu da yawa suna gindaya iyakar shekaru wajen ɗaukar aiki. Wasu sun kama sana'a a lokacin zaman jira ba su koma ba. Wasu 'yan mata sun yi aure, ɗawainiyar gida ta hana su ƙarasa zangon da ya rage. Sa'o'insu da iyayensu ke da halin biyan jami'a mai zaman kanta sun gama a kan kari.

A matakin ƙasa ma labarin bai canza ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za ta karɓa. Shekara da shekaru ana samun jihohin da ba su ajiye ba, kuɗin ya yi ta kwana a Abuja alhali yara na zaune a ƙasa. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 ya ƙara dagula lamarin, domin an rufe makarantun kwana da yawa.

Karatun allo bai tsira daga wannan ba. Tun bayan da Turawa suka ci daular Sakkwato a 1903, aka mayar da hukuma da aikin gwamnati kan boko, tsangaya ta koma hannun malami da jama'ar unguwa. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150. Da mulki ya sauya, da yawansu suka zama kufai, domin ba a yi musu tanadin abinci da albashi mai ɗorewa ba. Sai a 2023 aka kafa hukumar tarayya ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023 ya buɗe sabon babi. Kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista. A 2024 aka fara ba da rancen ɗalibai ta asusun NELFUND, wanda doka ta ce babu ruwa a cikinsa, kuma ana soma biya ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ya kamata iyaye su karanta sharuɗɗansa da kyau, su tuntuɓi malamai, kafin su karɓa ko su ƙi.

To, mene ne abin yi? Na farko, adalci ga ɗalibi: kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Na biyu, mai kai ɗa jami'ar gwamnati ya yi lissafin guzuri da rarar shekara guda, ya kuma haɗa masa da sana'ar hannu. Na uku, idan masu neman ƙuri'a suka zo, a tambaye su ko jiha ta biya kasonta na ilimin bai-ɗaya, da kuma yaushe aka ɗauki malamai na ƙarshe. Na huɗu, mawadata da kwamitocin masallatai su waiwayi waƙafi, wanda ya riƙe manyan makarantun Musulmi ƙarnoni masu yawa, su fara da ɗaliban ajin ƙarshe da kuɗin rajista ke neman korowa gida. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka.