Kada a Gane Wane ne Ɗan Talaka: Dokar da Ke Bayan Abincin Makaranta a Amurka

Idan kana yawan shiga TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da bidiyon 'yan makaranta a Amurka suna nuna abincinsu na rana ba: faranti mai gida-gida, madara a ɗan kwali, tuffa ɗaya, yankan fiza. Mu kuma sai mu cika wajen da surutu, wannan ya ce "mu ko ruwan leda ba a ba mu ba", wancan ya ce abincin ko ido bai ɗauka ba balle ciki. To, nan gaba idan irin wannan bidiyon ya faɗo maka, ɗan ɗauke ido daga farantin ka duba bango. A kusa da inda ake zuba abincin akwai wata takarda da doka ta tilasta a manna, mai taken And Justice for All, wato adalci ga kowa. Labarin takardar nan ya fi na fizar daɗi.

Kusan yara miliyan 30 ne ke cin abincin rana a makarantun Amurka kowace ranar karatu, ƙarƙashin shirin da Ma'aikatar Noma ta ƙasar ke kula da shi. Wasu iyayensu ne ke biya. Waɗanda kuɗin shigar gidansu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati ba suna ci kyauta, waɗanda kuma ba su wuce kashi 185 ba ana yi musu rangwame, ba za a karɓi fiye da santi 40 a hannunsu ba. Ka ga ke nan a layi ɗaya akwai ɗan likita, akwai ɗan mai share-share, akwai ɗan gudun hijira da ya sauka ƙasar bara. Tambayar ita ce: ta yaya za a ciyar da su duka ba tare da an tona asirin wani ba?

Shirin bai fara da wannan tunani ba, kada ka yi zato. Shugaba Harry Truman ne ya sa hannu a dokar a 1946, kuma wanda ya jagorance ta a majalisar dattawa shi ne Richard Russell na jihar Jojiya, mutumin da ya shafe rayuwarsa ta siyasa yana kare raba baƙaƙe da farare. Dokar ta farko ta yarda a ba da kuɗi ga jihohin da suka ware makarantun baƙar fata daban, muddin dai an ce an raba daidai. Wa zai duba ko an raba daidai? Jami'an jihohin da suka yi wariyar tun farko. Ga kuma wata matsalar: makarantun unguwannin talakawa da yawa ba su da ko ɗakin girki, don haka shirin bai isa gare su ba sam.

Sai a 1968 wasu ƙungiyoyin mata guda biyar, da suka haɗa da na Katolika da na Yahudawa da na baƙar fata, suka bi makarantu suka yi bincike ƙarƙashin jagorancin Jean Fairfax. Rahotonsu ya nuna cewa yaran da ke samun abinci kyauta ko da rangwame ba su kai miliyan 2 ba a duk ƙasar, yawancin 'ya'yan talakawa suna kallo ne kawai. Waɗanda suke samu kuma, a wasu wuraren da kunya suke biya: tikiti mai launi daban, layi daban, ko a ce sai yaro ya yi aiki a kicin kafin ya ci. A watan Janairun 1969 'yan ƙungiyar Black Panther suka fara ba yara karin kumallo kyauta a wata coci a birnin Oakland, abin da ya ƙara fito da gazawar gwamnati fili. A 1970 aka gyara dokar.

Wannan gyaran ne ya fi burge ni, saboda bai tsaya a "ku yi adalci" ba, ya shiga har cikin ɗakin cin abinci. A yau ƙa'idar ta ce ba a kafe sunayen masu cin kyauta a allo, ba a kiran sunansu a gaban mutane. Ba a ba su kati ko tikitin da za a gane su da shi. Ba a ware musu layi, ko ƙofa, ko ɗaki, ko lokacin cin abinci daban. Ba a sa su aiki a madadin abincin. Kuma zaɓin da aka ba mai biya, shi za a ba wanda bai biya ba. Shi ya sa a makarantu da yawa kowane yaro lamba yake dannawa ko ya goga kati iri ɗaya, na bayansa bai san ko an cire masa kuɗi ko ba a cire ba. Duk wanda ya taɓa ganin an kira 'yan bashin kuɗin makaranta gaban asambili ya san abin da wannan ke nufi ga yaro ɗan shekara tara.

Bayan haka akwai manyan dokokin kare haƙƙin jama'a da suka hau kan duk wanda ya karɓi kuɗin gwamnatin tarayya. Ta 1964 ta hana nuna bambanci saboda launin fata ko asalin ƙasa, ta 1972 ta zo kan jinsi, ta 1973 kan naƙasa, ta 1975 kan shekaru. A aikace, idan likita ya rubuta cewa gyaɗa ko alkama na iya jefa yaro cikin haɗari, dole makaranta ta sauya masa abinci, kuma ba za ta ƙara wa iyayensa ko kwabo ba. Yarinyar da ke kan keken guragu dole ta iya kaiwa inda ake zuba abincin. Iyayen da ba sa jin Turanci sosai a ba su fom da bayani da harshen da suke fahimta, domin tun 1974 Kotun Ƙoli ta ɗauki shingen harshe a matsayin wani nau'i na wariya kan asalin ƙasa, a wata shari'a da ta shafi ɗalibai 'yan asalin Sin a San Francisco. Fom ɗin neman abincin ma ba ya tambayar ko yaro ɗan ƙasa ne.

Amma ka san doka a takarda kowa na da ita. Abin da ya sa wannan take da haƙori shi ne an farfasa ta zuwa ƙananan ayyuka da mai bincike zai iya gani da idonsa. Takardar bangon nan tana nan, ko an ɓoye ta a ofishin shugaban makaranta? Matar da ke zuba abinci ta yi horon bana kan haƙƙin yara? Horon duk shekara ne, kuma sai an ajiye shaidar wanda ya halarta. Ina littafin rubuta ƙorafi? Wanda aka yi wa ba daidai ba yana da kwana 180 ya kai ƙara, a rubuce ko da baki, ko da bai faɗi sunansa ba, kuma makaranta ba ta da ikon danne ƙarar a cikin gida, sai ta tura sama. Ramuwar gayya a kan wanda ya yi ƙorafi ita ma laifi ce mai zaman kanta. Makarantar da ta yi kunnen ƙashi tana iya rasa kuɗin shirin gaba ɗaya.

Kada ka ɗauka komai ya tafi daidai. Ga wani abu da zai ba Musulmi da yawa mamaki: addini ba ya cikin jerin abubuwan da ƙa'idar shirin ciyar da yara ta lissafo. An bar wa makaranta damar sauya abinci saboda addini idan ta ga dama, amma ba a wajabta mata ba kamar yadda aka wajabta kan naƙasa. A garin Dearborn na jihar Michigan, inda Larabawa Musulmi suke da yawa, makarantu sun daɗe suna ba da naman halal. A garin da Musulmi ba su wuce gida biyar ba kuwa, yaro zai iya ƙarewa da cuku da burodi duk ranar da aka dafa naman alade, kuma ba lallai a ce an karya ƙa'idar shirin ba.

Babban ramin kuma shi ne bashi. Dokar ta rufa asirin wanda aka tantance cewa talaka ne, amma yaron da iyayensa suka ɗan haura ma'aunin, ko ba su cike fom ba, kuma kuɗin asusunsa ya ƙare fa? A watan Janairun 2014, a wata firamare da ke Salt Lake City a jihar Utah, an karɓe abinci daga hannun yara kusan 40 aka zuba a shara saboda ana bin iyayensu bashi, aka ba su madara da 'ya'yan itace. A zubar ɗin ma ya fi a bar su su ci, ka ji fa. A 2016 a Alabama an buga wa wani yaro tambari a hannu cewa yana buƙatar kuɗin abinci. Hotunan irin waɗannan abubuwa da iyaye suka sa a intanet ne suka tayar da ƙura, ba jami'an bincike ba. A 2017 jihar New Mexico ta zama ta farko da ta yi cikakkiyar doka ta haramta kunyata yaro kan bashin abinci, ta ce da iyaye za a yi magana, ba da yaro ba. Sanatan jihar da ya kawo ƙudirin, Michael Padilla, ya taso ne a gidajen riƙo, kuma ya ba da labarin yadda yake goge ƙasan ɗakin cin abinci yana yaro don ya samu ya ci.

A ganina, jihohin Kalifoniya da Maine ne suka gane bakin zaren lokacin da suka ce daga 2022 kowane ɗalibi ya ci kyauta, mai kuɗi da talaka. Idan babu mai biya, babu wanda za a nuna da yatsa. Tsada ce da shi, gaskiya, kuma har yanzu yawancin jihohi ba su bi ba.

Mu ma nan Najeriya muna da namu shirin, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 don 'yan aji 1 zuwa 3 na firamaren gwamnati, da naira 70 kan kowane yaro a farko, kafin a dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a Janairun 2024. Duk lokacin da maganarsa ta taso, muhawararmu a X da Facebook ba ta wuce biliyan nawa aka ware, wa ya ci, da girman ƙwan da aka raba. Tambayoyi ne masu kyau. Sai dai sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, kuma tun Janairun 2019 muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Don haka idan ka ji wani jami'i yana alƙawarin ciyar da 'yan makaranta, ko ka samu damar yi masa tambaya a shirin rediyo, ka ƙara da waɗannan: makarantar rugar Fulani da ke can bayan gari tana cikin lissafi? Wa ke tabbatar da cewa yarinyar da ba ta iya turereniya a layi ta samu nata? Kuma idan uwa ta ga an hana ɗanta saboda mahaifinsa ba ɗan jam'iyyar kansila ba ne, wane ofis za ta je, wace lamba za ta kira, kwana nawa za ta jira kafin a ba ta amsa?