Golf Bayan Shekara Arba'in: Filin Dutse da Mutanen Jahun

Duk lokacin da labarin wata gasar golf a Dutse ya fito, martanin jama'a kusan iri ɗaya ne. Sai ka ji ana cewa wasan masu hannu da shuni ne, wai ina ruwan jihar da ambaliya ke cinye wa gonaki da manyan mutane masu yawo a lambu suna bin 'yar ƙwallo. Ko da Allah ya yi wa Mai Martaba Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, rasuwa ranar 31 ga Janairun 2023, filin golf ɗin da ya kafa a cikin jerin abubuwan sha'awarsa aka fi ambatonsa. Wannan fahimta ta yi gajarta. Jahun tana cikin ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, filin bai yi mata nisa ba, kuma mutumin da ya fi kowa buƙatar irin wannan wasa yana can: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ko ɗan kasuwar da ya haura arba'in, tumbi ya fara fitowa, likita ya fara yi masa maganar hawan jini.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuyar faɗa. Rami 18 ne a cikakken fili, ɗan wasa ba ya ɗaukar sanda fiye da 14, wanda ya zagaye ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. Abin da ya dame mu a nan shi ne tafiyar. Wanda ya zagaye fili da ƙafa yakan taka fiye da kilomita 6 cikin kusan awa huɗu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take nema daga baligi a mako na motsa jiki matsakaici. Zagaye ɗaya ya biya wannan bashi. Wasannin da muka tashi da su, langa da kokawa da dambe da ƙwallon ƙafa, duk na samari ne, gwiwa ce ke sallamar mutum daga cikinsu tun bai shirya ba. Daga nan sai zaman majalisa da hawan mashin ko da zuwa masallacin unguwa ne. Manomin shinkafa a fadamar Haɗeja ba ya buƙatar golf, aikinsa ya ishe shi. Mai zaman ofis da mai tsaron shago su ne jikinsu ke lalacewa a ɓoye, mata ma'aikata kuma sun fi kowa rashin wurin da za su taka ƙafa cikin mutunci.

A 2008 masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka fitar da nazarin da suka yi kan 'yan golf kimanin 300,000, suka gano yawan mutuwa a cikinsu ya gaza na sauran jama'a da kashi 40 cikin 100, wanda ya yi daidai da ƙarin kusan shekara 5 a tsawon rai. Mai ja zai ce ai dama masu kuɗi ne, suna cin mai kyau suna ganin likita. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin irin wannan nazari ba ya tabbatar da cewa wasan kaɗai ne sanadi. Sai dai bambancin ya fi fitowa a tsakanin masu aikin ƙarfi fiye da ma'aikatan ofis, kuma waɗanda suka fi gwanancewa a wasan su suka fi ƙarancin mutuwa. Dalili a fili yake: ba a gwanancewa sai da yawan zuwa fili, yawan zuwa fili kuwa yawan tafiya ne. Neman iyawa shi ke fitar da mutum daga gida sati bayan sati, abin da takardar likita ta kasa yi.

Ja na biyu ya fi nauyi, wato ruwa da ƙasa. Wanda ya ga filayen Amurka a talabijin, ciyawa shar kamar darduma, yana da hujjar tambayar daga ina za a samo ruwan, a yankin da tun gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ake jayayya kan rabon ruwan kogin Haɗeja, ga kachala ta toshe hanyoyinsa. A nan ne tarihin da muka yi watsi da shi yake da amfani. Golf ya fi shekara ɗari a Arewa. Turawan haƙar kuza sun buɗe filin Rayfield a Jos a 1913, na Kaduna ya biyo baya a 1921, Kano da Zariya ma suna da nasu tun zamanin mulkin mallaka. Waɗannan filaye ba da ban-ruwa suka rayu ba. Kewayen rami, inda ake gangara ƙwallo a hankali, yashi ne ake tankaɗewa a cuɗa da mai a daddale, kafin kowane bugu a share shi ya kwanta. Sauran filin kuwa yadda damina da rani suka bar shi haka ake wasa a kansa. Shekaru da dama a haka aka yi gasa, a haka yaran da ke ɗaukar wa Turawa da manyan ma'aikata jaka suka koyi bugu da kallo, har wasunsu suka zama ƙwararru masu cin abinci da wasan. Aibin tsarin shi ne baƙin man inji da ake zubawa, wanda ke gurɓata ƙasa, amma a wasu ƙasashen da har yanzu ake wasa kan yashi an koma man tsirrai. Asalin wasan ma a Sikotland a kan tudun yashin bakin teku ya tashi, ƙasar da ba ta noma, inda tumaki ke kiwo. Tsadar da ake gani yau ado ne da aka ɗora daga baya, kuma kuskure ne mu riƙa auna filayenmu da wannan ado har mu ji kunyar namu.

Marigayi Sarki Nuhu yana da kimanin shekara 50 ya hau gadon sarauta a 1995, kuma an san shi da son dashen itatuwa. A jihar da ke fama da kwararowar hamada, fili mai faɗi da aka hana yankawa fuloti, aka cika da inuwa, dukiya ce ko da ba a buga ƙwallo ko ɗaya a cikinsa ba. Abin takaicin shi ne yadda hukumomi ke barin irin wannan wuri ya zama na ranar gasa da manyan baƙi kawai. Me zai hana ma'aikatar wasanni ta jiha da ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya su nemi a ware wa mambobinsu safiyar Asabar da kuɗi kaɗan da sandunan aro? Me zai hana ƙaramar hukumar Jahun ta daddale rami uku na yashi a gefen filin wata makaranta? Ba a ce a taɓa gonar kowa ko burtalin makiyaya ba. Ana kashe kuɗi wajen rabon maganin ciwon suga da hawan jini, ana ƙyashin abin da zai jinkirta zuwansu, kuma wannan lissafi ba ya fita.

Shi kuwa mai shirin farawa, kada shekaru su razana shi. Phil Mickelson ya ci babbar gasar PGA a 2021 yana da shekara 50, Tom Watson kuma saura ƙiris ya ɗauke gasar Birtaniya a 2009 yana da 59. Tsarin rangwamen bugu na duniya da aka fara a 2020 yana bai wa sabon shiga rangwame har 54, don ya kara da gwani ba tare da an ci zalinsa ba. Kuskuren dattawa shi ne son bugu mai nisa, su ƙare da ciwon baya. Fiye da rabin bugun ɗan koyo a kusa da rami yake faruwa, inda natsuwa da ido suka fi ƙarfi amfani, don haka a can ya kamata ya zuba lokacinsa. Sanda biyar ko shida na gwanjo sun isa shekarar farko. Mai hawan jini ya fara ganin likita, kowa ya miƙe jijiyoyi kafin bugun farko, a bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a fita bayan sallar asuba a tsaya a rami tara. Malami mafi araha shi ne mai ɗaukar jakar da ya shekara goma a filin, in an biya shi haƙƙinsa aka kuma saurare shi.